Baba Ba Ya Cin Abinci a Tsaye

Allah ne ya ba mu aron Baba, ranar Juma'a da hantsi kuma ya karɓi abinsa. Nasa muke, wurinsa za mu koma.

Ni ne mijin 'yarsa. Ina rubuta wannan a Bahiya, hayin teku inda aka kawo mu bayi, a ɗakin da ya cika, da haruffan da ya koya mini. Wani mai fataucin goro zai shiga jirgin Ikko cikin watan nan, ya ce zai miƙa wa Hausawan da ya tarar a can. Ba zan sa sunan kowa ba. A garin nan takarda mai irin rubutunmu tana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba, ni kuwa na san abin da takarda guda ta taɓa jawo wa mutum.

Da aka gaya wa Inna, matarsa, ba ta yi kuka ba. Tana bakin ƙofa tana suyar ƙosai da manja kamar kullum. Sai ta janye itacen ɗaya bayan ɗaya, ta yayyafa musu ruwa, ta bar sauran ƙullun a kwano. Mutanen layinmu ba su taɓa ganin murhun nan a mace da rana ba, da shi suka gane abin da ya faru. Matata ta zauna a ƙasa, ta rungume malafar da Baba yake saƙawa bai gama ba. Maƙwabtanmu masu zuwa coci suka kawo kyandir. Inna ta karɓa, ta yi godiya, ta ajiye bayan randa.

Kafin azahar 'yan dako suka fara hawowa daga ƙasan gari, inda jirage ke sauke kaya. Yawancinsu Yarabawa ne, waɗanda a nan ake kira Nago. Kowa ya ajiye gammonsa a jikin bango, a jere, ba wanda ya jefar da nasa. Na ga wani ƙato, wanda ke hawa tudu da buhun sukari bai tsaya hutu ba, ya durƙusa yana gyara wa gammonsa zama, hawaye na bin gemunsa.

Kawu ne ya iso daga baya, yana dogara sanda. Ba ƙanin Baba ba ne na jini. Jirgi ɗaya ya kawo su, a nan kuwa wannan zumunci ne da ba a wasa da shi. Bagobiri ne, Inna Bayarabiya, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

Ya ce, "Bayarabiya, yau kin huta da tsohon nan."

Inna ta ce, "Da kai aka ɗauka, da yanzu ina rabon ƙosai kyauta."

Ya zauna a kan dakali, ya bi mu da ido, mu Hausawan da ke wurin. Ya ce, "Mu biyar. Bara war haka mu takwas ne."

A ɗaya gefen layi, ƙarƙashin rumfar mai gyaran takalma, sufeton unguwa yana tsaye da ɗan littafinsa. Bai matso ba, bai tafi ba. Tun tawayen da Musulmi suka yi shekaru masu yawa da suka wuce, hukuma ba ta son ganin mun taru, ko a kan gawa. In aka taru, wanda ya tsaya gaba shi ake tambaya. Takardar 'yanci ba ta hana a rufe mutum, ba ta hana a saka shi a jirgi ya bar iyalinsa a nan.

A nan Inna ta miƙe ta faɗi wasiyya. Ta ce Baba ya ce ni zan wanke shi, ni zan tsaya gaba a sallarsa.

Kawu ya ɗago. "Wa? Wannan? Mai gammo?"

Ban ɗaga kaina ba, domin na san abin da yake nufi, kowa a wurin ya sani, kuma gaskiya ne. Zan faɗe shi a inda ya dace. Sai dai in fara da yadda na san Baba.

An kawo ni cikin jiragen bayi na ƙarshe, ina da kamar shekara ashirin. Ubangidana ya sa ni murgu, in fita in yi dako in riƙa kawo masa kuɗi. 'Yan dako a nan kowace ƙungiya tana da kusurwar titi inda take jiran aiki, tana da shugaba. Baba ne shugaban kusurwarmu, ya daɗe da fansar kansa. Ranar farko ina tsaye a jikin bango, garin rogo a tafin hannuna, ina watsawa a baki, idona yana kan titi. Sai na ji an ce da Hausa, "Kai, wa ke korarka?"

Watanni ban ji harshenmu ba. Na juya na ga mutum gajere, mai faɗin kafaɗa, zaune a kan 'yar kujera, akushi a gabansa.

Ya ce, "Zauna."

Na ce kada wani Bature ya kira ni ban ji ba.

"To ya kira. Yana da baki, kana da ciki. Mutumin ina ne kai?"

Na ce Kano.

"Shi ya sa. Ko a gida ba ku iya zama ba." Shi Bazazzagi ne. Daga ranar nan bai sake kirana da wani suna ba sai Bakano.

Bayi a garin nan a tsaye suke ci. Ba doka ba ce, sabo ne. Mutum yana ci yana jiran a daka masa tsawa, har ya kai ko ba kowa a kusa ba ya iya zama. Na ga waɗanda suka shekara goma da 'yanci suna ci a bayan ƙofa, fuska ga bango. Baba kuwa sai ya wanke hannu, ya zauna, ya yi bismilla. Ba ya daɗewa, ba ya gaggawa. Wata rana akawun wani attajiri na unguwar Vitoriya ya zo da akwatunan tangaran, yana ta ihu a kanmu. Baba ya ɗaga masa hannu ɗaya, ya gama lomarsa, ya wanke hannu, sannan ya tashi. Akawun ya yi rantsuwa ba zai sake zuwa kusurwarmu ba. Mako bai zagayo ba ya dawo, domin mutanen Baba ba sa fasa kaya.

Na taɓa tambayarsa ko ba ya tsoro. Ya ce, "Ina ji mana. Amma jikinka yana lura da yadda kake yi da shi. In kullum kana ba shi abinci kamar mai jefa wa kare, wata rana zai yarda. In ya yarda, ko an kwance maka sarƙa ba ka san an kwance ba."

Haka yake da gammo. Nasa fari ne, duk Juma'a sai ya wanke. Yana cewa abin da ke tsakanin kanka da kayan wani ba abin jefarwa a ƙasa ba ne. Haka yake da sauke kaya. In mu huɗu muka ɗauko ganga a rataye jikin sanda, muka kai saman tudu ƙafafunmu na rawa, ba ya bari mu saki. Sai ya ce, "Sannu, sannu, ƙasa," mu dire tare, ba a jin ƙara.

Abin da ya fi ƙi shi ne mutum ya zagi kansa. Wani daga cikinmu ya taɓa sakin tulun mai ya fashe, ya dafe kai yana cewa shi jaki ne. Baba ya ce, "Ce na fasa tulu. Wannan gaskiya ne, kuma yana da gyara. Ɗayar maganar kuwa Turawa sun isa su faɗa, ba su ce suna neman mataimaki ba."

Duk la'asar, kafin mu watse, sai ya bi mu ɗaya ɗaya da tambaya guda: "Yau me ka gama?" Ba kayan da ka ɗauka yake nufi ba, wannan na masu shi ne. Abin kanka yake nufi. Bakin malafa da ka rufe lokacin jiran aiki, rigar da ka ɗinke, layi ɗaya na karatu da ka riƙe. Komai ƙanƙantarsa, in dai ka gama. Ba ya yabo. In ka faɗa sai ya ce, "To." Da farko na ɗauka wasan tsofaffi ne. Sai na ga ina neman abin da zan gama tun da safe, don kada la'asar ta same ni hannu wofi. Sai na ga kuma ranar da nake da amsa, tafiyata zuwa gida daban take.

Shi ya fara koya mini haruffa, da yatsa a kan ƙurar dakali, ya shafe da tafin hannu. Ya hana ni riƙe takarda. Ban ji ba. Na samu wata 'yar takarda na cika ta da rubutuna, ina jin daɗin kallonta, na naɗe ta cikin gammona.

Ranar wata Talata da rana tsaka sojoji suka shigo ƙasan gari suna bincike, kusurwa bayan kusurwa. Na hango su suna warware gammon mutane. A lokacin ni bawa ne. Bawan da aka kama da rubutu sayar da shi ake yi can kudu, gonakin da ba a dawowa. Ban yi tunani ba, ko in ce na yi tunanin kaina kaɗai. Na cire gammona na tura shi da ƙafa ƙarƙashin kujerar Baba.

Soja ya jawo shi, ya warware, takardar ta faɗo. Ya tambaya na wane ne. Gammon nan baƙi ƙirin yake da dauɗa da gumi. Duk wanda ke kusurwar ya san Baba bai taɓa ɗora irinsa a kansa ba. Baba ya dube shi, ya dube ni sau ɗaya, ya ce nasa ne. Sojan ya juyo gare ni, domin ni ne kusa, ya ce ko na san tsohon nan. Na ce ban san shi ba, jiran aiki kawai nake yi a nan.

Suka hau da shi dandalin saman gari, suka rufe shi a kurkukun da ke ƙarƙashin gidan hukuma. Aka yi masa bulala. Ban san adadinta ba, bai taɓa faɗa ba.

Na gudu daga kusurwarmu. Na koma wani bakin jirgi cikin mutanen da ba su san ni ba. Na daina wanka sai in dole. Na koma ci a tsaye, fuska ga bango. Akwai wani gini da ya shiga cikin ruwa, inda ake ɗaure ƙananan jirage. Nakan je ƙarshensa in tsaya ina kallon ƙasa, in daɗe.

A can Inna ta same ni, tiren ƙosai a kanta. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "An sake shi. Yana kiranka."

Na same shi kwance rub da ciki a kan tabarma. Ba zan kwatanta bayansa ba. Na durƙusa na fara magana, ya katse ni.

"Bakano, surutu. Ɗauko ƙwaryar can."

Ruwan ɗumi ne da gishiri da wani ganye. Ya ce ni zan riƙa wanke masa, safe da yamma. Inna ta ce hannuna na rawa, zan ƙara masa ciwo. Ya ce ai zai daina rawa. Na yi ta zuwa. Rana ta biyar ko ta shida, ina matse tsumma, na ce, "Baba, ni ba mutum ba ne."

Ya ce, "Ka ji tsoro. Ka yi ƙarya. An dake ni. Abu uku ke nan, duka sun faru, kada ka rage ko ɗaya. Na huɗun da ka ƙara ban san shi ba."

Na ce me ya sa ya ce nasa ne.

"Ni 'yantacce ne, a dake ni a sake ni. Kai da yanzu kana kudu. Ba don kyanka na yi ba, Bakano, ba ka da shi."

Na ce ya yafe mini.

"Na yafe tun ina hawan tudu. Amma yafewata ba za ta miƙe maka wuya ba. Idonka ya ga ka yi abin kunya, ba zai manta ba. Sai ka yi ta nuna masa wasu abubuwan, kullum kaɗan, har su yi yawa. Yau me ka gama?"

Na ce ba komai.

"Ka wanke bayana ko ba ka wanke ba?"

Na ce na wanke.

Ya ce, "To."

Da ya warke ya mayar da ni kusurwa da hannunsa. Sauran suka yi shiru don girmansa. Kawu kaɗai bai sauko ba. Fiye da shekara ashirin in na gaishe shi da kalma ɗaya yake amsawa, bai taɓa kirana da komai ba.

Ba na so a ɗauka Baba ba shi da aibi. Yana da zafin baki, kuma bai iya zaɓen rana ba. Mun yi faɗa sau ɗaya, a kan takalmi. A nan bawa ba ya sa takalmi, shi ya sa duk wanda ya karɓi takardar 'yanci abin da yake fara saye ke nan, ko da ƙafarsa ba ta shiga, ko da a hannu zai riƙe. Ranar da na karɓi tawa na sayi baƙaƙe masu igiya. Na gangaro kusurwa ina ɗingishi, mutane suna tafi suna guɗa irin ta wasa. Baba ya dubi ƙafata, ya dubi rigata.

Ya ce, "Ƙafar wa aka auna?"

Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa, "Kwana uku hammatar rigarka a yage, ba ka ɗinke ba."

Raina ya ɓaci. A gaban mutane na ce masa so yake mu mutu da ƙafar bayi kamar shi. Shi bai taɓa sa takalmi ba. Ya ce, "Sa abinka, ba laifi. Amma don idon mutanen titi ka saya. Sufeto yana iya tsayar da kai ya ce cire. Ka tanadi abin da ba zai iya cewa ka cire ba."

Wata guda ba mu yi magana ba sai ta aiki. Har yau ina ganin bai kyauta ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jiran ranar nan, da ya bar ni da ita zuwa washegari. Ina jin shi ma ya gane, ko da yake bai faɗa ba. Wata safiya na tarar da ɗan gwangwanin kitse a wurin zamana. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "A shafa wa fatar, ta yi laushi. Ɗingishinka yana ba Zazzau dariya." Kafin shekarar ta ƙare ya ba ni 'yarsa. Kawu ya zo ɗaurin aure, bai ci abinci ba.

Shekara biyu da suka wuce gwiwoyinsa suka gaza hawan tudu, bana kuma ƙirji ya kama shi. Ranar Alhamis matata ta kawo masa kunu, ta ce ya sha a kwance da cokali. Ya ƙi. Sai da muka ɗaga shi muka jingina da bango, aka zuba masa ruwa ya wanke hannu, sannan ya kurɓa sau uku. Da la'asar ta yi ya buɗe ido ya neme ni.

"Yau me ka gama?"

Na ce ban gama komai ba, ina nan wurinsa tun safe.

Ya ce, "Gobe kana da aiki."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

To ga mu ranar Juma'a, Kawu ya faɗi abin da ya faɗa, sufeto yana tsallaken layi. Na ja Inna gefe na ce a bar wa Kawu, shi ne babba, shi ya cancanta. Ta ce, "Je ka gaya wa mai maganar. Yana ciki." Matata ta ɗago daga inda take zaune, ta ce, "Malam, ba wanda ya san bayan Baba kamar kai."

Na shiga. Wanka yana son mai zuba ruwa, a cikinmu kuwa Kawu kaɗai ya san ƙa'ida, dole ya biyo ni. Da muka juya shi, tabon ya bayyana, layi a kan layi, sun yi fari. Baba ba ya cire riga a gaban mutane, Kawu bai taɓa ganinsu ba. Butar ta tsaya a hannunsa. Ni kuwa hannuna ya san hanyarsa, ya bi su kamar da. Bai yi rawa ba.

Addu'ar gawa na iya ta, amma na ji tsoron kada ta ɓace mini a gaban mutane. Sai na yi abin da Baba ya hana ni tun ina saurayi. Na rubuta ta a takarda na duba sau biyu, na bar ta a kan tabarma.

Muka fito da shi bayan gida, inda bango ya kare mu daga titi. Aka yi sahu. Na tsaya gaba. Bayan kabbara ta biyu na ji takun takalmi a cikin ɗaki. Duk wanda ke gidan nan ƙafarsa ba komai. Takun ya tsaya, ya ci gaba, ya fito ta ƙofar baya. Na ji sahu yana motsi a bayana. Ban juya ba. Na yi ta uku, na yi ta huɗu, na yi sallama.

Sufeto yana tsaye, takardata a hannunsa. Ya tambaya da harshensu ta wane ce, kuma wa ya tara mutanen nan. Ya ce in ba mai ita, zai tafi da mai gidan, ya rubuta duk wanda ke tsaye. Ya nuna Inna da alƙalaminsa.

Kawu ya matso kusa da kunnena, ya ce da Hausa, "Ce ta mamaci ce. Ba abin da za su yi masa yanzu."

Ban san ko tausayi ne ya sa shi faɗa ba, ko kuwa ya ga abin da na iya ke nan. Maganar tana da sauƙi, ta riga ta hau harshena. Irin ta ranar Talatar nan ce. Na dubi likkafanin, na san abin da ke ƙarƙashinsa, yanzu na gama wanke shi.

Na ce tawa ce. Muryar ta fito siririya, sai da na maimaita. Na ce ni na rubuta, ni na wanke shi, ni na tsaya gaba. Sauran 'yan dako ne, sun zo ɗaukar gawa. Ya ce mene ne tsohon a wurina. Na ce ubana ne.

Ya daɗe yana dubana. Ya rubuta sunan da Turawa suka sa mini, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce ranar Litinin da safe in zo ofishin da ke dandali, in taho da takardar 'yancina. Sannan ya matsa ya ba gawa hanya.

Muka ɗauke shi mu huɗu zuwa maƙabartar talakawa a bayan gari. 'Yan dako ba sa tafiya da kaya ba waƙa, amma ranar nan ba a ji komai ba sai numfashi. Da muka iso bakin kabari muka tsaya, kowa yana jiran muryar da ba za ta zo ba. Sai ƙaton nan ya dube ni. Na ce, "Sannu, sannu, ƙasa." Muka dire shi, ba a ji ƙara ba.

Da muka dawo matata ba ta yi mini magana ba. Na san tana fushi, kuma tana da gaskiya, ita za a bari in an tafi da ni. Ta miƙo mini kwanon shinkafa da busasshen nama, ta koma ciki. Ban san lokacin da na kai bakin bango ba. Ina ci a tsaye, idona yana kan ƙofa.

Sai na ji an ce, "Kai, Bakano, wa ke korarka?"

Kawu ne. Ya tura kujerar Baba da ƙarshen sandarsa har ta taɓa ƙafata. Inna ta ce daga bakin ƙofa, "Au, Bagobiri, ashe ka san sunan mutane?" Ya ce ta yi shiru ta kawo ruwan wanke hannu. Na zauna.

Yau Lahadi. Waɗanda aka taɓa kira ofishin nan, wasu sun dawo da rana, wasu bayan watanni, wasu daga bakin teku muka hango su ana tura su cikin jirgi. Ban san wanne ne nawa ba. Ba zan ce ba na tsoro ba. Na wanke gammona na shanya. Na ɗinke wuyan rigata. Na shafa wa takalmin kitse, zan sa shi ko Baba zai harare ni, in suka ce cire in cire. Matata ta miƙo mini malafar ɗazu ba tare da ta dube ni ba, na rufe bakinta. Ta ce gobe za ta tashi da wuri ta dama kunu, kada in ce zan sha a ƙofa.

Duk wanda wannan ta isa hannunsa, in yana da hanyar Zazzau, ya gaya musu sun yi ɗa a nan. An kawo shi a ɗaure, an sa masa sunan da ba nasa ba, ya ɗauki kayan mutane har gwiwarsa ta ƙare, amma a zaune ya ci abincinsa, ya kuma zaunar da wasu. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya masa bayansa.

Inuwa ta kai gindin randa, la'asar ta yi, lokacin tambayarsa ke nan. Baba, na gama malafarka. Na gama wannan.